Antoine-Louis Barye: Maƙerin da ya zuba zakuna da tagulla alhali bai taɓa taka dawa ba

A sashen sassaƙar Faransa na gidan tarihin Louvre da ke birnin Faris akwai wani zaki na tagulla wanda tsayinsa ya kai mita 1.35, tsawonsa kuma mita 1.78. Ya danne maciji da daginsa, ya yamutse fuska, ya yage baki har fiƙoƙinsa sun bayyana. Shi kuma macijin ya naɗe jikinsa, ya ɗaga kai da baki buɗe, yana neman inda zai kai sara. Ko da yake ƙarfe ne, mai kallo yana iya bin jijiyoyin kafaɗar zakin ɗaya bayan ɗaya, ya ga yadda nauyin jikin ya tattaru a kan ƙafar da ta yi danniya.

Wanda ya ƙera wannan zaki, Antoine-Louis Barye, bai taɓa zuwa Afirka ko Indiya ba. Duk zakunan da ya sani a keji ya gan su, ko a kan teburin fiɗa bayan sun mutu. Amma da wannan ɗan abin da ya samu ya tilasta wa manyan masu fasahar ƙasarsa su yarda cewa dabba ma ta isa a tsaya a ƙera ta don kanta, a ajiye ta inda ake ajiye siffofin sarakuna da jarumai. Sai da ya kusa shekara arba'in yana wannan fafutuka, kuma a cikinta ya sha wulaƙanci, ya faɗa bashi, har ma ya rasa iko da ayyukan hannunsa na wasu shekaru.

Ɗan maƙerin fari

An haifi Barye, wanda Faransawa ke furta sunansa Bari, a birnin Faris ranar 24 ga Satumban 1795, daidai lokacin da ƙurar juyin juya halin ƙasar ba ta gama kwantawa ba. Mahaifinsa maƙerin fari ne mai aikin zinariya da azurfa, saboda haka yaron ya tashi cikin ƙarar guduma da magagari. Bai yi zurfi a karatun boko ba. Yana ɗan shekara goma sha uku zuwa sha huɗu aka kai shi koyon sana'a wajen wani mai zane a kan ƙarfe, wanda ke yi wa rundunar Napoleon kayan ado na kaki.

A 1812 aka ɗauke shi aikin soja. Sa'arsa ita ce ba a tura shi fagen daga ba, an haɗa shi da sashen masu taswira, inda ake gina siffar garuruwa da ganuwoyinsu a ƙanƙance. Aiki ne na awo da haƙuri, wanda kuskuren ɗan yatsa ke ɓata shi. Bayan an sallame shi a 1814 ya yanke shawarar zama mai sassaƙa. Ya yi almajiranci wajen François-Joseph Bosio a 1816, sannan wajen mai zane Antoine-Jean Gros, kafin ya shiga babbar makarantar fasaha ta École des Beaux-Arts a 1818.

A wancan zamani hanya guda ce ke kai matashin mai fasaha ga ɗaukaka, wato lashe gasar da ake kira Prix de Rome, wadda ke bai wa zakaranta guzurin zaman karatu a birnin Rum, kuma idan ya dawo ayyukan gwamnati na jiran sa. Barye ya shiga gasar shekara bayan shekara. Ya taɓa zuwa na biyu, amma bai taɓa ɗaukar ta ɗaya ba. A aikin da ya gabatar a 1819, kan labarin wani ɗan kokawar tsohuwar Girka da zaki ya cinye, tuni an fara ganin inda hankalinsa ya karkata.

Da ya ga babu mafita, ga kuma bakunan ciyarwa, sai ya koma sana'ar gado. Daga 1823 zuwa 1831 ya yi aiki a shagon wani fitaccen maƙerin fari mai suna Fauconnier, yana ƙera 'yan ƙananan dabbobi da ake manna wa kayan azurfa. A idon abokan karatunsa wannan koma baya ne. Sai dai a nan ne ya laƙanci halin ƙarfe, abin da yawancin masu sassaƙa na lokacin suka bar wa ma'aikatan maƙera.

Makarantar bakin keji

Makarantarsa ta haƙiƙa tana lambun Jardin des Plantes, inda aka buɗe gidan namun daji a farkon shekarun juyin juya hali, kusa da cibiyar nazarin halittu ta ƙasa. Faris ta wancan lokaci tana cikin zumuɗin baƙin dabbobi. A 1826 Muhammadu Ali Fasha na Masar ya aiko wa Sarki Charles na Goma kyautar raƙumin dawa da aka kamo daga ƙasar Sudan. Da ƙafa dabbar ta tako daga Marseille zuwa Faris cikin kwana 41, jama'a na tururuwar kallo a kowane gari. Zakunan lambun kuwa, da yawansu daga Arewacin Afirka aka kawo su.

Mutane kan zo su yi kallo su koma gida. Barye yakan zauna a bakin keji da takarda da fensir, yana lura da yadda damisa ke taku, da yadda zaki ke miƙa bayan barci, da yadda wuyansa ke kumbura sa'ad da aka jefa masa nama. Yana kuma shiga ɗakin ƙasusuwan da masanin halittu Georges Cuvier ya tara don kwatanta ƙirar jikin dabbobi. Idan wata dabba ta mutu a lambun, yakan hanzarta zuwa wurin fiɗa kafin gawar ta lalace, ya auna tsawon ƙafa, faɗin goshi, tazarar ido da hanci, ya rubuta alƙaluman a gefen zanensa. Takardunsa masu ɗauke da waɗannan alƙaluma suna nan a ajiye har yau.

Abokin zamansa a wannan aiki shi ne mai zane Eugène Delacroix. A ƙarshen shekarun 1820 su biyun sun tsaya tare a kan gawar wani zaki da aka feɗe, kowa yana zana tsokar jikinsa. Dukansu suna cikin matasan da suka gaji da sanyin salon da aka gada daga Girka da Rum, suna neman fasaha mai motsi da zafin rai. Delacroix ya nemi abin a cikin launi, Barye ya neme shi a cikin ƙashi da tsoka.

Damisa da kada

A 1831, yana da shekara 35, ya kai wani aiki baje-kolin Salon, babban dandalin da hukuma ke shiryawa, wanda a nan ake yin suna ko a rasa shi. Siffar damisar Indiya ce mai zane-zane, ta rungume wani kada mai siririn baki irin na kogin Ganga, ta kafa masa haƙora. Babu wani jarumi a wurin, babu darasin tarihi. Dabba ce kawai tana cin abincinta. Masu kallo sun yi cincirindo, aka kuma ba shi lambar yabo mai daraja ta biyu.

Don a gane nauyin abin da ya yi, sai an san tsarin da ya tarar. Majalisar manyan masu fasaha ta Faransa ta jera batutuwa hawa-hawa. A sama akwai labaran addini da na tarihi da siffar ɗan Adam, dabbobi kuwa suna can ƙasa, a matsayin ado. Zakin da aka saba gani a ƙofar fada, da geza a murɗe kamar an yi masa kitso da ƙafa a kan ƙwallo, alama ce kawai ta sarauta, kuma masu yin sa kwaikwayon magabata suke yi. Kalmar animalier, wato mai aikin dabbobi, da aka laƙaba wa Barye, da farko ta ba'a ce.

Bayan shekara biyu ya dawo da zaki da macijin nan, a siffar filasta. Wannan karon har fada ta motsa. Sarki Louis-Philippe ya hau mulki ne ta hanyar boren Yulin 1830, watan da masu ilimin taurari ke dangantawa da burujin zaki, don haka mutane da yawa suka fassara aikin da cewa sabuwar sarauta ce ke murƙushe fitina. Aka naɗa Barye jarumin Légion d'honneur a 1833, gwamnati ta ba da umarnin zuba zakin da tagulla. Wani gwanin maƙeri, Honoré Gonon, ya zuba shi a 1835, aka kafa shi a lambun Tuileries da ke gaban fada, inda ya zauna har 1911. Masu adawa sun yi ta gunaguni cewa an mayar da lambun sarki gidan namun daji. Duk da haka aka sake ba shi aikin wani zakin, wanda ke tafiya a gindin hasumiyar tunawa da boren Yuli a dandalin Bastille, wadda aka buɗe a 1840.

Ƙofar da aka rufe

Babban mai ɗaure masa gindi shi ne ɗan sarkin, Ferdinand-Philippe, Yariman Orléans mai jiran gado. A 1834 yariman ya ba da aikin wasu kayan ƙawata teburin liyafa na ƙasaita, kuma kason Barye ya haɗa da siffofin farauta guda biyar: farautar damisa a kan giwa, ta zaki, ta beyar, ta bajimin daji, da ta wata ƙatuwar barewa mai rassan ƙaho. A kowanne, mutane da dawakai da namun daji sun cakuɗe, kuma ba koyaushe mutum ke da rinjaye ba.

Da aka gabatar da ayyukan ga alƙalan Salon a 1837, sai suka ƙi karɓa. A ganinsu waɗannan kayan maƙerin fari ne, ba su kai a kira su sassaƙa ba. Ko kasancewar ɗan sarki ne ya ba da aikin bai sauya ra'ayinsu ba. Barye mutum ne mai ƙarancin magana, bai shiga cacar baki da kowa ba. Ayyukansa ba su sake bayyana a Salon ba sai 1850. A tsakanin nan kuma, a Yulin 1842, yariman ya rasu a hatsarin keken doki, inuwar da Barye ke fakewa a ƙarƙashinta ta gushe.

Maƙera da bashi

Tun da ƙofar hukuma ta rufe, ya juya ga kasuwa. Masana'antu da bankuna sun haifar da sabbin masu hali a Faransa, lauyoyi da likitoci da 'yan kasuwa, waɗanda ba su da fada amma suna da falo. A ƙarshen shekarun 1830 Barye ya buɗe tasa maƙerar, ya fara fitar da ƙananan siffofi da za a ɗora a kan tebur ko a saman murhun ɗumama ɗaki: zaki mai tafiya, damisa a kwance, mesa ta naɗe barewa, giwar Senegal tana gudu, har da zomo da kunkuru. Yana buga jerin kayansa da farashinsu kamar kowane ɗan kasuwa.

Tagulla gaurayen jan ƙarfe ne da kuza, wani lokaci a ƙara tutiya ko dalma, kuma hanya biyu ake bi a zuba ta. Ta farko ita ce zubin kaki: a gina siffar da kakin zuma, a lulluɓe ta da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan a kwarara narkakken ƙarfe a gurbin da ya bari. Da wannan dabara maƙeran Ife da Benin suka zuba kawunan sarakunansu ƙarnuka kafin a haifi Barye, da ita kuma Asante suka yi ma'aunan zinariyarsu. Tana kama kowane ɗan zane, amma tana da tsada da jinkiri, domin sai an fasa yumɓun kafin a fito da aikin. Da ita aka zuba babban zakin Tuileries da siffofin farautar yarima. Hanya ta biyu ita ce zubin yashi, inda ake danna samfuri guda cikin yashi mai danƙo sau da yawa, a zuba gaɓoɓin daban-daban, a haɗa su daga baya. Ita ce ta sa kayan Barye suka iya shiga gidajen jama'a.

A nan ne tarbiyyar gidansu ta zame masa alheri da kuma matsala. Yakan bi kowane zubi da kansa, ya goge tabon haɗi, ya fito da gashi da ƙumba, ya ba ƙarfen launi mai duhun kore ko ruwan ƙasa, ya buga sunansa, a wasu har da lamba. Wanda bai gamsar da shi ba ba ya fita daga shago. Irin wannan tsanani na cin lokaci da kuɗi, kuma Barye bai iya talla ba. A 1845 ya haɗa jari da wani ɗan kasuwa, Émile Martin. Da juyin juya halin 1848 ya kifar da Louis-Philippe, kasuwar kayan alatu ta durƙushe, bashi ya rufe shi, samfuran ayyukansa suka koma hannun abokin jarin. Sai a 1857 ya iya fanso su. Kusan shekara goma ke nan mutumin da ya ƙera su ba shi da ta cewa a kan yadda ake zuba su.

A waɗannan shekaru yakan tafi ƙauyen Barbizon da ke bakin dajin Fontainebleau, inda masu zane irin su Jean-François Millet da Théodore Rousseau suka tare. A can yake zanen duwatsu da itatuwa, sannan ya kwantar da damisa ko zaki a tsakaninsu. Dawar da ke cikin zane-zanensa, idan aka duba da kyau, dajin Faransa ce mai nisan 'yan sa'o'i daga Faris.

Girma da furfura

Mahaƙurci mawadaci, in ji masu iya magana. Gwamnatin da ta biyo bayan juyin 1848 ta ba shi kula da sashen siffofin filasta na Louvre na ɗan lokaci. A 1850 ya koma Salon da ayyuka biyu: damisar Kudancin Amurka tana cin zomo, da jarumin tatsuniyar Girka Theseus yana faɗa da wata halitta rabi mutum rabi doki. Na farkon ya nuna ƙarshen gwanintarsa a kan dabba, domin yunwar damisar tana bayyana tun daga muƙamuƙi har ƙarshen wutsiya. Na biyun ya amsa wa masu cewa bai iya siffar mutum ba. Marubuci Théophile Gautier ya kwatanta matsayinsa a fagen dabbobi da na Michelangelo.

Daga nan ayyuka suka biyo juna. A 1854 aka naɗa shi malamin zanen dabbobi a cibiyar nazarin halittun da ya shafe ƙuruciyarsa a bakin kejinta. Aka ba shi aikin siffofi huɗu na dutse don sabon ginin Louvre, masu wakiltar Yaƙi, Zaman Lafiya, Ƙarfi da Tsari, kuma a kowanne ya kwantar da dabba kusa da mutum. A babban baje-kolin duniya na 1855 ya sami babbar lambar girmamawa. Shi ya ƙera mutum-mutumin Napoleon na Ɗaya a kan doki da aka kafa a Ajaccio a 1865. Cikin matasan da suka zauna a ajinsa a shekarun 1860 akwai Auguste Rodin, wanda daga baya ya amsa cewa ƙuruciya ta hana shi gane darajar wannan dattijo mai shiru-shiru.

Majalisar manyan masu fasaha, wadda mutanenta suka mayar masa da kayansa a 1837, ta zaɓe shi mamba a 1868. Yana da shekara 72.

Bayan rai

Kafin Faransa ta gama yanke shawara a kansa, Amurkawa sun riga sun yanke tasu. William T. Walters, attajiri daga Baltimore da ya zauna a Faris lokacin yaƙin basasar ƙasarsa, ya san shagon Barye ta hannun wani ɗan garinsu dillalin kayan fasaha, George A. Lucas. A 1873 Walters ya sayo wa gidan tarihin Corcoran na Washington ɗaya-ɗaya daga kowane aikin tagulla da ke jerin Barye, guda fiye da ɗari. A yau siffofin farauta biyar ɗin nan da alƙalan Salon suka ƙi suna gidan tarihin Walters a Baltimore, kuma tun 1885 wani zakin Barye ke zaune a dandalin Mount Vernon na birnin.

Barye ya rasu a gidansa da ke bakin kogin Seine ranar 25 ga Yunin 1875, yana da shekara 79, aka binne shi a maƙabartar Père-Lachaise. Emmanuel Frémiet ne ya gaji kujerarsa ta koyarwa, kuma zuwa lokacin aikin dabbobi ya zama fage mai zaman kansa, da gwanaye irin su Pierre-Jules Mêne da Auguste Cain da Isidore Bonheur. Kalmar da aka ƙirƙira don ba'a ta koma sunan sana'a.

A 1876 aka yi gwanjon kayan shagonsa. Babban mai maƙera Ferdinand Barbedienne ya sayi samfura fiye da ɗari tare da haƙƙin ci gaba da zuba su, kuma kamfaninsa ya yi ta fitar da su shekaru da dama, ban da na masu jabu da suka cika kasuwa. Wannan ya yaɗa sunan Barye zuwa gidajen da bai taɓa tsammani ba, amma ya bar wa masu saye aiki. Har yau a wuraren gwanjo, tambayar farko a kan kowane zakin Barye ita ce ko an zuba shi yana raye, domin wanda ya ratsa hannunsa ya fi tsada nesa ba kusa ba.

A 1894 aka kafa masa abin tunawa a ƙarshen tsibirin Saint-Louis da ke tsakiyar Seine, da gudummawar masoyansa na Faransa da Amurka. Lokacin da Jamus ta mamaye Faris a Yaƙin Duniya na Biyu, an kwashe siffofin tagullar da ke kansa an narkar, kamar yadda aka yi wa ɗimbin mutum-mutumin birnin, sai a wannan ƙarni aka sake zuba wasu aka mayar. Zakunan Arewacin Afirka da ya yi ta aunawa ba su sami irin wannan dama ba, domin bindigogin mafarauta sun ƙarar da su daga tsaunukan Atlas a cikin ƙarni na 20. Wanda ke son sanin faɗin ƙirjinsu da ƙarfin kafaɗarsu a yau, cikin wuraren da zai duba har da takardun awon Barye da kuma tagullar da ya bari a Louvre.